Kofin da Ka Fasa

Yaya Debdat,

Gaisuwa daga Mombasa. Ka taɓa min ƙafafun Inna don girmamawa kamar yadda muka saba, ya jikin nata? Ni lafiya lau, ɗan ciwon baya ne kawai.

An ce Fulmati mai shara ta sha ruwa a gidanmu, ka fasa kofin a gaban idonta, wai bakin mai shara ya ƙazanta shi. Haba Yaya! Matar da ta yi jinyar Inna? Kai ne kullum kake mana wa'azi cewa Ubangiji yana cikin kowane mai rai, har tururuwa kake zuba wa gari. Fulmati kaɗai ya tsallake?

Ubangiji ya raya yara. Ofishin da na ce muku ina aiki, masai nake wankewa a ciki. Ka tanadi kofin da za ka fasa ranar da na dawo.

Ƙaninka,
Omkar