Kaset na Bakwai

Daren Laraba, 12 ga Sha'aban

Bismillahi. Yau asirin da na rufe shekara talatin ya bar gidan nan a cikin keke napep.

Na dawo daga sallar Azahar na tarar babu kwalin da ke ƙarƙashin gadona. Matata Hajiya ta ce Malam Ndagi, na'ibin limaminmu, ya zo karɓar kaset-kaset ɗin wa'azi da na yi masa alkawari, za a kai unguwar Kpakungu a juye su kafin azumi. Ta miƙa masa kwalin gaba ɗaya. Ba ta san wa'azin a sama kawai yake ba. A ƙasa finafinan shahararren ɗan leƙen asirin nan na Turawa ne, goma sha shida, waɗanda na tara ɗaya bayan ɗaya tun ina aikin jirgin ƙasa. Allah shaida ne, ina wuce duk wurin da bai halatta ido ya gani ba. Amma wa zai karɓi wannan uzuri daga ni, mai karantar da fiƙihu bayan Asuba?

Har aka yi Magariba ban iya haɗa ido da kowa a sahu ba.

Bayan Isha'i Malam Ndagi ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, har mutane suka ragu.

"Allah gafarta Malam, na ƙirga. Goma sha biyar ne. Na bakwai ba ya ciki."

Ya sake ni ya tafi, fuskarsa ba fara'a, ba fushi. Gargaɗi ne ko roƙo? Ban sani ba.

Na bakwai yana cikin na'urar bidiyo, tun jiya ban cire shi ba. Gobe da Asuba zan tafi da shi a aljihun babbar riga. Ya Allah, Ka suturta bawanKa.