Zartsin Famfon Unguwarmu

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tunda wayata ba ta kai darajar ki ɗauka ba, ga takarda.

Wata huɗu ke nan ruwan famfon unguwarmu ba ya shawuwa. Zartsi gare shi, sabulu ba ya kumfa, butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki. Matata ta ce fararen kaya duk sun koma ruwan toka. Wannan duk mai sauƙi ne. Inna, da na ɗauko na kawo gidana don ta huta, sau biyu ke nan gudawa na kwantar da ita.

Ke kuwa kina zaune a ɗakin gwaji na hukumar ruwa, kina buga hatimi wai ruwa lafiya lau. Ni ne shugaban ƙungiyar unguwa. Kullum sai an tare ni a bakin shago: "Shugaba, ba ƙanwarka ce mai gwajin ba?" Kin mai da ni abin nuni.

Na bar ki lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka, a gaishe mini da Inna da jiki. Na ga takardarka. Na kuma ga wadda ba ka ba ni labari ba, wato ƙorafin da ka kai ofishinmu da sa hannun mutum sittin, sunana a layin farko. An dakatar da ni daga aiki sai an gama bincike. Sannu da ƙoƙari.

Kowace safiya da hannuna nake gwada ruwan da ke fita daga matatarmu, ba zartsi, ba datti. Unguwannin da ke kafin taku daga bututu ɗaya kuke sha, ba wanda ya yi kuka. Kuma zartsi yana hana kumfa, amma ba ya kwantar da tsohuwa. Akwai abin da ke shiga bututun a wajenku.

A riƙa tafasa wa Inna ruwa, don Allah. Ranar Asabar zan zo da kwalaben ɗibar ruwa. Ba wurinka zan zo ba.

Ka huta lafiya.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice. An ce kin zo ba na nan, kina bin layi gida-gida kamar mai talla. Wanda aka dakatar, da wane iko yake ɗibar ruwan mutane? An kuma ce an gan ki a bayan katangar makaranta tare da mai gyaran famfo. Me ya kai ki can? Mutumin nan baki gare shi kamar reza, ba a kama maganarsa.

Ki tsaya kan matatarku, ki fita sabgar unguwarmu. Ni na goya ki kina majina, ba ke za ki zo ki bincike ni ba.

Wassalam.
Yayanki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban ce ina bincikenka ba, kai ka faɗa.

Ruwan gidajen bakin titi da ɗan dama-dama, amma ina matsawa wajen makaranta zartsin na ƙaruwa. A bayan katangar na tarar da rijiyar burtsatse, an binne bututunta an haɗa da namu. Na tambayi mai gyaran famfo wa ya sa shi. Ya ce, "Hajiya, ni ɗan aike ne. Shugaba ne ya ce ruwan hukuma ba ya hawa tankunan sama, in haɗa a ƙara masa ƙarfi, kuma kada in gaya wa kowa." Na ce, "Ba ka ga ramin masan makaranta ba, taku goma daga nan?" Sai ya sunkuyar da kai.

Wata abokiyar aikina ta gwada mini kwalaben. Zartsin daga dutsen rijiyar yake. Abin da ya kwantar da Inna daga masan yake. Jaririn telan layinku yana asibiti yau kwana biyar, na je na gan shi, uwarsa ta kawar da kai don ta ji an ce ni ce mai hatimi.

Na yarda ba ka san da masan ba. Amma ka san da bututun lokacin da kake bin mutum sittin suna sa hannu a kaina.

Na sa an toshe haɗin. Litinin da ƙarfe goma zan miƙa rahotona. Ofishin yana buɗewa ƙarfe takwas. In ka ga dama ka riga ni, ka faɗa da bakinka.

Allah ya ba Inna lafiya.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na je ƙarfe takwas, na faɗa. Sun ce ki koma aiki gobe. Na ajiye shugabanci. Na je wurin tela, bai buɗe mini ƙofa ba.

Inna ta haɗa kayanta tun jiya, wurinki za ta koma. Ki turo mota a ɗauke ta. Ba sai kin shigo ba.

Ki huta lafiya.
Yayanki