Tsohon Burauza da Mai Gwada Shi

Daga yayanki Sarwono, a Kuala Lumpur.

Sumarni ƙanwata, ina gaisuwa. Yaya ƙafar maigidanki, yaya jikoki? Ni lafiya lau, sai dai abinci ba ya daɗi in babu abokin ci.

Tun zuwana nake jin wai ranar da kamfaninmu ya daina gwada shafukansa na intanet a tsohon burauza, wato manhajar buɗe su, ranar mai gwajin ma zai naɗe tabarmarsa. Na ce zancen teburin shayi ne. Ni kaɗai nake kunna tsohuwar kwamfutar lungu, in duba ko shafin da muka yi wa asibiti zai buɗe a irin na'urar ƙauyenmu. Abokan aiki sabon kawai suke so. Ɗaya ta ce, "Baba, wa ke amfani da wannan sa'an naka?" Na ce, "Ungozomar garinmu." Suka yi dariya, suka fita cin shinkafa.

Kada ki damu. Amma ki share ɗakina na gida, ki shanya katifar, ƙila na kusa dawowa. Allah ya yi muku albarka.

Af, na manta: jiya na sake jin zancen daga bakin wata, a hankali, haɗe da roƙon in bar mata fankar teburina in zan tafi. Rohana ce, mai share mana ofis.