Kafin Ruwa Ya Ɗauke

Dehradun, Indiya
Yuli

Assalamu alaikum Umma,

Ina gaishe ku ke da Abba. Ya zafin Madina?

Kin san Nirmala, wadda muke ɗaki ɗaya a makarantar koyon jinya. Kakarta tana fama da ciwon zuciya, kuma babban burinta ta ziyarci wani wurin ibadarsu na Hindu da ke ƙolin duwatsun Himalaya. Sun tsayar da hutun Agusta, sun roƙe ni in raka su in riƙa duba ta. Ba zan shiga ba, a waje zan jira. Tsohuwar nan ce ta yi jinyata da na yi taifot. Ku ba ni izini.

'Yarku,
Hibatullahi

Harra ta Gabas, Madina
Yuli

Wa alaikis salam ya binti,

Abbanki ya ce taimakon mara lafiya ba laifi ba ne. Ni ce hankalina ya ƙi kwanciya. Na tambayi Dakta Nasrullahi, Ba'indiyen da muke aiki tare a saidaliyya, wato kantin magani. Yana jin Agusta ya ajiye maganin da ke hannunsa, ya ce, "Ya ukhti, tsakiyar damina ke nan! Dutse kan zaftare ya binne hanya." Ya ce ko dai Mayu da Yuni, ko Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, kafin ƙanƙara ta sa a rufe wurin.

Ban yarda ba, khalas, magana ta ƙare. Su ma ki hana su, don girman Allah.

Allah Ya tsare min ke.
Ummanki, Raudatu

Dehradun
Agusta

Umma, barka da war haka.

Da ƙyar na shawo kansu suka ɗage tafiyar zuwa Oktoba. Tsohuwar ta riƙe hannuna ta ce, "Ke da kika san aikin asibiti, zan kai Oktoba?" Na ce mata za ta kai. Umma, ƙafafunta sun fara kumbura. Maƙwabtansu sun je wurin ibadar sun dawo lafiya, har da tsaraba.

Ki sa mu a addu'a idan kin je Harami.
Hiba

Madina
Satumba

Ya binti, sallama da gaisuwa.

Ina ta kira ba kya ɗauka. Ko kun tafi ne a ɓoye? Kullum ina kan labaran Indiya, Abbanki har ya ɓoye min rimot. Ki turo min ko da kalma ɗaya.

Ummanki

Dehradun
Oktoba

Assalamu alaikum Umma,

Ba mu je ba. Asibiti muke ta zarya. Tsohuwar ta rasu ranar Talata, ga sama garau, duwatsun kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Nirmala ba ta zarge ni ba, ita ce ma take rarrashina. Jibi za ta hau dutsen a madadin kakarta, zan raka ta har bakin ƙofa.

Ki kira ni bayan Magariba. Yanzu zan iya ɗauka.

Hiba