Sarwun da Na Sare wa Kai

Zuwa ga Yaya Mu'azu, a Zariya.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya iyali, yaya karatu? Mu nan Birnin Gwari lafiya lau, Inna tana sa maka albarka.

Bayan haka, itacen sarwunka, baƙon itacen nan na ƙasar Larabawa, yana nan tsaye a garka. Shekara bakwai ke nan da ka tsinto ƙwayarsa a maƙabartar Misra, inda ka binne Baba kuna dawowa daga hajji, amma har yau bai san inuwa ba. Sai tsawo kamar gora! Kullum da hantsi Inna ta ja tabarma gindinsa, rana na dukanta, wai hira take da mijinta. Abin ya dame ni. Jiya na hau na sare masa kai, na datse rassan, yadda muke yi wa kuka ta yi toho ta baje. Kafin ka dawo ka tarar da inuwa, ka gode mini.

Ƙaninka, Labaran.

Zuwa ga Yaya Mu'azu.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, fatake sun kawo takardarka. Na karanta abin da ka ce. Wallahi ban san sarwu ba ya toho daga tsohon itace ba. Duk faɗin dajin nan, wane itace ne za ka rage wa kai ya yi zuciya?

Ba abin da ban yi ba. Na shafe saran da laka. Yero, Bafulatanin da ke kiwo bayan gari, ya kawo mini kashin shanu kwando biyu, na zuba. Damina ta sauka, har turken akuya ya yi ganye, shi kuwa ko gezau. Ɗan ganyen da ya rage ya koma ja, in ka taɓa sai ya zube. Na rasa inda zan sa kaina. In da sauran ƙwaya a gafakarka, don Allah aiko.

Naka, Labaran.

Zuwa ga Yaya.

Ina gaishe ka, Allah ya sa kuna lafiya. Ka ce babu saura. To, shi ke nan. Sarwu ya bushe ƙayau.

Inna ta naɗe tabarmarta ta koma ɗaki. Da zagina ta yi, da na samu sauƙi. Ta daina fita garka, tuwo ma sai loma biyu ta ture. Shekaranjiya ta kira ni, ta ce a sare shi guntu-guntu, a ajiye a ɗakinta kada gara ta ci, ran da ta cika a rufe mata kabari da shi, ita ma ta kwanta ƙarƙashin abin da mijinta ya kwanta.

Sau biyu ina ɗaukar gatari ina ajiyewa. Hannuna ya ƙi. Ka taho ka sare, Yaya, kuma kada ka jira kaka. Ina ganin ba za ta kai ba.

Wassalam. Ƙaninka mai laifi, Labaran.