Na kai kamanjar Baba gyara, Inna ta daina fitowa tsakar gida

Salamu alaikum ya jama'a, admin a ɓoye sunana. Na san sai kun ce ƙarya nake don kun saba da bakina, to wallahi ɗan itacen da bai kai yatsa ba ya raba ni da uwata. Don Allah ku ba ni shawara.

Babana makaɗin kamanja ne, gogen Larabawa, duk bikin da aka yi a Gadarif bayan yankan riɗi shi ne a wurin. Da ya rasu ni na gaje ta. Muryarta a shaƙe take kamar tsoho mai mura, jakin da tsirkiya ke hawa kansa Baba ne ya sassaƙa da wuƙa, a karkace kamar haƙorin raƙumi. Inna idonta ya tafi, amma kullum bayan la'asar sai ta fito kan gadon angareb da jabanarta ta gahawa in goga mata, ta ce ga Malam nan yana gyaran murya.

Ni da iyayi, sai na kai kamanjar kasuwa wurin wani usta mai gyaran kayan kiɗa da yaƙi ya koro daga Khartum. Ya sa sabon jaki, ya canza tsirkiya, ya zura ƙarfe ya matsar da ɗan itacen da ke tsaye a cikinta. Ya jama'a kamanja ta buɗe baki, na rantse har Fashaga ana jin ta, yanzu masu biki rububina suke. Na zo gida ina taƙama, goga ɗaya na yi Inna ta ajiye finjali, ta lalubi bango ta shige ɗaki. Tun ranar ba ta sake fitowa ba.

Na koma wurin usta, tsohon jakin yana nan, amma ya ce inda itacen cikin yake a da shi ke tsaga fuskar kamanjar, in ya mayar ba za ta kai damina ba, kuma ko ya mayar bai yi alkawarin muryar za ta dawo ba.

To ku faɗa mini, in mayar ta tsage a hannuna, ko in bar ta lafiya Inna na ɗaki? Jiya na gwada lallashi, na ce ai itacen Baba ne dai, yanzu ma ta fi daɗi. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce:

"Allah ya karɓi ubanka na yi haƙuri. Kai wa ya aike ka ka sake binne mini shi a kasuwa?"