Na Ɓoye Wa Baba Tsani

Ontonagon, 21 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Orrin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya sassauta muku sanyin Alaska. Mu nan lafiya, Inna tana ta gashin burodinta, sai dai gwiwar Baba da ta ƙi.

Yaya, kaina ya ɗaure. Ka san likita ya hana Baba hawa tsohon dandamalinsa na kan bishiya, inda ya shekara arba'in yana dakon barewa. Shi ne ni da maigidana Wendell muka ɓata rani guda a dajinmu don kada farautar bana ta wuce shi. Wendell, da ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba, ya ƙera masa ɗaki a ƙasa, da taga da kujera har da murhun gas. Muka share fili a gaban tagar, muka shuka waken suya. Baba yana ta kallonmu, ni kuwa na ɗauka murna ce.

Ranar buɗe farauta na zauna tare da shi. Gari na wayewa sai ga wani ƙaton namijin barewa mai ƙaho reshe goma, taku talatin tsakaninmu, yana kiwo hankali kwance. Baba ya ɗaga bindiga, ya sauke, ya zare harsashi. Wai shi bai taɓa harbin saniya a garke ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Wendell ya yi fushi, ya ce to a kai wa barewar takardar ban haƙuri mana. Ni dai kuka ne ya zo mini. Garin gyaran gira mun tsone ido ke nan?

Tun ranar bai koma ba, sai neman tsanin dandamalin yake yi. Ni na ɓoye shi a bayan itacen girki, na ce ban gani ba. Jiya ya ce mini ya san bana ce ta ƙarshe, gara ya faɗo daga sama da ya zauna a akwati tun bai mutu ba. Saura kwana tara a rufe farauta. Ka fi ni saninsa: in fito masa da tsanin, ko in ci gaba da yi wa ubana ƙarya?

Ka gaida Anti Lenore da su Arvid. Kada ka jira gidan waya, ka kira ni.

Ƙanwarka,
Marlys